Daga Kwali Zuwa Zoben Zuhal: Yadda Za Ka Fara Aiki da Na'urar Hangen Taurari Mai Madubi

Tambayar da aka fi yi mini a 'yan watannin nan iri ɗaya ce, sai dai kowa da yadda yake tsara tasa: "Malam, na sayi na'urar, na haɗa, na leƙa, baƙi ƙirin kawai nake gani. Ko dai an cuce ni ne?" Mafi yawan lokuta ba wanda ya cuce ka, na'urar lafiyarta lau. Mataki guda aka tsallake, ko kuma aka fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe. Wannan bayani a kan irin na'urar da ke da babban madubi a gindin bututu ne, wadda ake leƙawa ta gefe kusa da baki. A jikin kwali za ka ga an rubuta Newtonian. Ka bi matakan yadda suka zo, domin rabin aikin da rana ake yin sa.

1. Abin da za ka duba kafin ka biya kuɗi

Idan ka riga ka saya, wuce zuwa mataki na biyu. Idan ba ka saya ba, lamba ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci: faɗin babban madubin. Milimita 114 ko 130 ya ishi mai farawa, 150 ya fi, 200 kuwa za ka yi shekaru ba ka ƙure shi ba. Lamba ta biyu ita ce tsawon tafiyar haske, wadda ake rubutawa kamar 650, 900 ko 1200. Riƙe ta, za mu yi lissafi da ita nan gaba.

Sai mazauni. Akwai mai kama da akwatin katako da ke juyawa dama da hagu, sama da ƙasa, ana ce masa Dobson. Akwai kuma mai ƙafa uku da ƙarfen nauyi a rataye, wanda ake rubuta EQ a sunansa. Shawarata ba ta canzawa: ɗauki Dobson. Turawa kawai kake yi da hannu kamar ƙofa, kuma ba ya rawa.

Gargaɗi: duk kwalin da ya cika baki da cewa zai ninka girman abu "sau 525" ko "sau 675", ajiye shi. Haka nan idan bututun gajere ne, bai fi rabin mita ba, amma an rubuta 1000 a jikinsa, to an ɓoye wani gilashi a ciki don a tsawaita lissafin. Irin wannan saita madubansa azaba ne, hotonsa kuma ba ya fita garau.

Batun kuɗi, da dala zan faɗa don naira ba ta zama wuri guda. Ƙaramin Dobson mai 130 da ake ɗorawa a kan tebur, irin Sky-Watcher Heritage 130P, yana kaiwa wajen dala 200 zuwa 300 a ƙasashen waje. Mai 200 yakan ninka haka sau biyu ko uku. Kuɗin jirgi da na kwastam daban, kuma babban yana da nauyi da girma, don haka tambayi kuɗin kawowa tun kafin ka yi oda. Na hannu ma ba laifi, muddin ka ga madubin da idonka, ba tabo, ba ɓarewa, ba furfura.

2. Haɗawa, da rana, a cikin inuwa

Kada ka buɗe kwali da dare kana ɗoki. Shimfiɗa tabarma da rana, ka fito da komai ka jera. Za ka samu bututu, mazauni, gilashin ido guda biyu (yawanci ɗaya an rubuta 25, ɗaya 10), da ɗan saiti, wato ƙaramin abin da ake maƙalawa a bayan bututu don nuna inda aka dosa. Fara haɗa mazauni, ka tabbata ya zauna daram, sannan ka ɗora bututu. Notina ka ɗaure su su kama, amma ban da ɗaurin bakanike, domin da yawa cikin roba suke shiga, kana matsawa za su zarce.

Tura bututun sama da ƙasa ka sake shi. Idan bakinsa yana sunkuyawa da kansa, ko yana ɗagawa, ƙara matse notin gefe kaɗan, ko ka zame bututun gaba ko baya har ya tsaya a duk inda ka bar shi.

Wanda ya riga ya sayi mai EQ, akwai ƙarin aiki. A gefen kan mazaunin akwai ma'aunin digiri, sai ka sa shi a kan lambar garinku: Kano wajen 12, Kaduna 10 da rabi, Sakkwato 13, Maraɗi da Yamai 13 da rabi, Damagaram kusan 14. Sannan ka juya sandar da kan mazaunin ke juyawa a kanta ta kalli arewa. Da yake lambobinmu ƙanana ne, ƙarfen nauyin yakan bugi ƙafar mazaunin. Idan haka ta faru, juya kan har ƙarfen ya sauka tsakanin ƙafafu biyu.

Gargaɗi mafi girma a duk wannan rubutu: kada ka taɓa juya na'urar ta kalli rana, ko na ƙiftawar ido. Madubin yana tara haske wuri guda, zai ƙona ido nan take, kuma ba magani. Baƙin tabarau, tsohon fim na hoton ƙashi, gilashin da aka turara da hayaƙi, duk ba sa kare komai. Kada ka bar ta a tsakar gida ba murfi alhali akwai yara. Masu son neman jinjirin wata da ita, ku jira sai rana ta faɗi gaba ɗaya kafin ku juya yamma.

3. Saita ɗan saiti

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma silar yawancin "ba na ganin komai". Na'urar yanki ɗan mitsitsi take nunawa na sama. Neman tauraro da ita ba ɗan saiti tamkar neman allura ne ta cikin kafar ƙofa.

Bayan La'asar, ka fita ka ba rana baya, ka fuskanci gabas. Nemi abu mai nisa da ba ya motsi, aƙalla rabin kilomita: kan hasumiyar masallaci, tankin ruwa, ko saman ƙarfen sabis. Cire murfin bakin bututu. Ka lura, murfin yana da wani ƙaramin murfi a jikinsa, kuma babban gaba ɗaya ake cirewa. Ni kaina na yi dare biyu ina cire ƙaramin kawai, ina ta mamakin yadda komai ya yi duhu-duhu, har na fara zagin mai kaya a zuciyata.

Sa gilashin ido mai lamba 25, ka ɗaure ɗan notinsa. Bi tsawon bututun da ido kamar mai saita bindiga har ya doshi hasumiyar, ka leƙa, ka riƙa murɗa abin fokas, wato abin murɗawa da ke jikin gurbin gilashin ido, a hankali har hoto ya fito. Za ka gan shi a kife, kai a ƙasa. Haka ƙirar take, ba lalacewa ba ce, kuma a sama ba wanda ya damu da ina ne kai ina ne ƙafa. Kawo tsinin hasumiyar tsakiyar da'irar daidai. Daga nan kada ka ƙara taɓa bututun.

Koma kan ɗan saiti. Idan mai jan ɗigo ne, zare 'yar robar da ke ƙarƙashin batirin, ka kunna, ka leƙa daga baya ido biyu buɗe. Murɗa maɓallansa biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gefe, har jan ɗigon ya hau kan tsinin hasumiyar. Idan mai gilashi ne da layi biyu a gicciye, notinan jikinsa za ka yi wasa da su har mahaɗar layukan ta hau wurin. Sake leƙa gilashin ido ka tabbata hasumiyar ba ta gusa ba. Sai ka sa mai lamba 10 ka maimaita, don saitin ya ƙara kaifi.

Gargaɗi: kashe jan ɗigon idan ka gama. Batirin CR2032 ne, irin na rimot ɗin mota da sikeli, ana samu wurin masu gyaran agogo. Ajiye ɗaya a aljihun jaka, domin sai ka manta shi a kunne wata rana, kowa ya yi.

4. Saita madubai

Ga inda mutane ke tsorata, alhali bai fi ɗaure igiyar garaya wuya ba. Kaya ya sha jijjiga a jirgi da mota, dole madubai su ɗan gusa. Ka fara da dubawa tukuna, watakila ma ba sai ka taɓa komai ba.

Kana buƙatar murfin saiti, wato ɗan murfi mai ƙaramin rami a tsakiya da ake sawa a gurbin gilashin ido. Wasu na'urorin suna zuwa da shi. Idan babu, ɗauki murfin da ya toshe gurbin tun daga kwali, ka huda tsakiyarsa daidai, ramin bai wuce milimita 2 ba. Fuskanci bango mai haske ko farin zane, ka leƙa ta ramin.

Abu na farko: ya kamata ka ga hoton babban madubi cikakke a cikin ƙaramin madubin, tare da 'yan maƙalai uku da suka riƙe gefensa. Idan uku suna nan, ka bar ƙaramin madubi ya huta. Idan ɗaya ya ɓuya, akwai ƙananan notina uku a bayan ƙaramin madubin, ta bakin bututu, ana juya su da alanki. Sassauta ɗaya kaɗan, matsa wani kaɗan, ka leƙa, har ukun su bayyana. Notin tsakiya kada ka kwance shi, shi ke riƙe da madubin.

Gargaɗi: kwantar da bututun a kwance kafin ka kai alanki bakinsa. Idan yana tsaye ya suɓuce maka, a kan babban madubi zai sauka.

Abu na biyu: a tsakiyar babban madubi akwai wani ɗan zobe da aka manna. Ba datti ba ne, kada ka ɓare. Aikinka shi ne ka sa baƙin ɗigon ramin da kake leƙawa ya zauna a cikin wannan zobe. A gindin bututu akwai notina shida, uku na kullewa, uku na saiti. Sassauta na kullewa, ka juya ɗaya daga na saitin kwata ɗaya, ka koma ka leƙa. Ya matso ko ya yi nisa? Da haka za ka gane halin kowanne. Idan akwai yaro a kusa, ya riƙa juyawa kana leƙawa, minti biyar kun gama. Sai ka mayar da na kullewa a hankali, ba da ƙarfi ba, kada su sake ture saitin.

Da dare za ka tabbatar da aikin. Kawo tauraro mai haske tsakiya da gilashi mai lamba 10, ka ɗan kauce wa fokas. Zai buɗe ya zama kamar zobe mai baƙin rami. Idan ramin yana tsakiya, ka yi daidai. Idan ya karkata gefe, da sauran gyara a babban madubi. Akwai na'urar saiti mai hasken leza ta 'yan daloli kaɗan, amma masu araha su kansu sukan zo a karkace, don haka ban ga dalilin gaggawar sayenta ba.

5. Wuri da lokaci

Fitar da na'urar waje rabin sa'a kafin ka fara, murfi a cire, don madubin ya huce ya yi daidai da iskar waje. Madubi mai ɗumi yana sa hoto ya yi ta rawa kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Saboda wannan dalili, ƙasa ko ciyawa ta fi siminti, kuma kada ka hango ta saman rufin kwanon da ya wuni yana shan rana, ko ta saman janareta mai aiki. Kada kuma ka leƙa ta taga daga cikin ɗaki.

Wata da duniyoyi ba ruwansu da fitilun gari, daga tsakar gida a tsakiyar birni za ka gan su. Abubuwa masu dusashen haske su ne ke son duhu, kuma a nan kaɗai ne za ka ji mutum yana murna an ɗauke wuta. Sama ta fi kyau daga ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma daren da ya biyo bayan ruwa idan gari ya washe. Idan hunturu ya kankama hazo ya rufe, abin da ke ƙasa-ƙasa ya tafi, sai dai wanda ke can tsakiyar sama.

Gargaɗi: baƙon bututu a kan ƙafafu cikin dare yana iya tayar da hankali. Ka sanar da maƙwabta da 'yan sintirin unguwa, ka ma kira su su leƙa wata sau ɗaya. Kada ka taɓa juya ta wajen gidan wani, kada kuma ka kafa ta kusa da shingen jami'an tsaro ko bariki.

Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya ɗaya kuma ya rushe shi. Rufe tocila da jar leda ninki biyu ka ɗaure da roba. Manhajar Stellarium za ta nuna maka abin da ke sama a garinku a wannan sa'ar, kuma tana da yanayin jan haske, ka kunna shi. Ka zo da kujera, mai zaune ya fi mai tsaye gani. Maganin sauro kuwa na shafawa, kada ka fesa komai kusa da madubi.

6. Daren farko: wata

Zaɓi dare tsakanin 5 da 9 ga watan Musulunci, bayan Magariba. Mutane suna jiran daren 14, amma a ranar hasken yana dukan watan kai tsaye, ba inuwa, sai ya zama fari fat yana kashe ido. Daɗin kallo yana kan iyakar haske da duhu, inda inuwar duwatsu ke miƙewa, ramuka su yi zurfi.

Tsarin ba ya canzawa ga kowane abu: sa mai lamba 25, ɗora jan ɗigo a kan abin, leƙa, gyara fokas, kawo shi tsakiya, sannan ka canza zuwa mai 10. Idan ya ɓace maka, koma kan 25. Kada ka tsaya kana lalube da mai 10.

Ga lissafin ninki: raba tsawon tafiyar haske da lambar gilashin ido. Na'ura mai 650 da gilashi 25 tana ba da sau 26, da gilashi 10 kuma sau 65. Mai 1200 tana ba da sau 48 da sau 120. Wato ƙaramar lamba ita ce mai babban ninki, abin da ke rikita masu farawa. Gilashin Barlow da ake sawa a tsakani yana ninka wannan sau biyu. Iyakar abin da madubi zai ɗauka kusan ninki biyu ne na faɗinsa, wato sau 260 ga mai 130, amma iskar yawancin darare ba ta barin ka wuce 150. Bayan nan girma kawai kake ƙarawa, hoton yana dagulewa.

Za ka ga watan yana silalewa yana fita daga da'irar. Duniya ce ke juyawa. A sau 65, cikin minti uku abu ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Ka riƙe bakin bututun da yatsu biyu ka ɗan tura. Da farko za ka yi ta turawa baibai saboda hoton a kife yake, bayan dare biyu hannu zai gane da kansa. Wajen 7 ko 8 ga wata ka nemi jerin duwatsun Apennine da suka lanƙwasa kamar baka. Kwana biyu bayan haka ramin Copernicus zai fito, faɗinsa ya haura kilomita 90, bangonsa hawa-hawa kamar matakala.

7. Bayan wata, sai me?

Mushtari, wato Jupiter, shi ne na biyu. Ko a sau 26 za ka ga ɗan faifai da ɗigo huɗu a jere, watanninsa ke nan: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Zana inda suke a takarda, gobe ka sake dubawa, sun canza wuri, wani ma ya ɓuya. A sau 65 zuwa sama ɗamara biyu masu ruwan ƙasa za su fito a jikinsa. Kada ka leƙa na daƙiƙa biyar ka ɗago. Zauna minti goma, akwai lokutan da iska ke lafawa hoton ya tsaya cak na ɗan lokaci, a nan ake ganin abin gani.

Zuhal, wato Saturn, ƙarami ne ƙwarai a ido, amma zobensa yana fita tun daga wajen sau 50. A watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya zama kamar zare, kuma zai yi ta buɗewa kaɗan-kaɗan har wajen 2032. Zara matar wata, wadda idan ta fito da asuba ake kira Gamzaki, za ka gan ta rabi ko kamar lauje, irin yadda wata ke yi. Mirrihi kuwa, wato Mars, kada ka sa masa rai sai lokacin da ya kusanto, kusan duk wata 26 sau ɗaya.

A ƙarshen wata ko farkonsa, lokacin da ba farin wata, sa mai 25 ka nemi Kaza da 'Ya'yanta. Ido yana ƙirga shida ko bakwai, na'ura za ta zubo maka gommai. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa kaɗan da taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Orion, akwai gajimaren da ake kira M42, da 'yan taurari huɗu a cikinsa kamar an dasa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma ka duba kudu, wajen digiri 30 daga ƙasa idan kana Kano, akwai Omega Centauri, dunƙulen miliyoyin taurari wanda mutumin Ingila ba ya gani ko kaɗan daga ƙasarsa.

Gargaɗi: ba za ka ga ja da shuɗin da ke hotunan intanet ba. Waɗancan kyamara ce ta daɗe tana tara haske. Ido toka-toka yake ganinsu. Dabarar ita ce ka kalli gefen abin kaɗan maimakon tsakiyarsa, sai ka ga ya ƙara haske. Abin da ke saman kai daidai kuma yana da wuyar bi da Dobson, ka ba shi sa'a guda ya ɗan gangara.

8. Ajiya da wanki

Idan raɓa ta sauka, bar na'urar a ɗaki a buɗe, bakinta a sunkuye, ta bushe kafin ka rufe. Rufe baki, rufe gurbin gilashin ido, gindin ma ka sa masa hular wanka ko leda da roba. Ƙurar hunturu ta gindi take shiga, zanzaro ma haka. Na taɓa barin tawa mako uku a shago, na dawo na tarar ya gina ɗakinsa na laka a jikin bututun daga ciki, tazarar yatsa biyu da madubin. Da damina ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakar gilasan ido. Kada ka bar ta a cikin mota da rana.

Ƙura kaɗan a kan madubi ba ta rage komai da za ka lura. Kada ka haska shi da tocila ka tayar wa kanka da hankali, kowane madubi datti yake nunawa a haka. Abin da ke sheƙin wani siririn shafe ne na alminiyam a saman gilashin, kuma ƙurarmu yashi ce, goga ɗaya da hankici ko bakin riga ya isa ya bar zane har abada. Idan dattin ya yi yawa da gaske, bayan shekara ɗaya ko biyu, yi alama a gindin bututu don ka san yadda yake zaune, ka ciro madubin, ka kwarara masa ruwa ya tafi da yashin, ka jiƙa shi a roba da ɗigon sabulun ruwa na wanke-wanke. Ja auduga a kai cikin ruwan da nauyinta kawai, ba dannawa, kowane ja da sabuwar auduga. Ɗauraye da tataccen ruwa na kemis, kada ka karɓi "ruwan batir" a wurin mai caji, domin wani asid ne. Jingina shi a tsaye ya tsane da kansa. Wajen mayarwa, maƙalan nan uku su taɓa shi kawai, har katin waya ya iya shiga tsakani, sannan ka koma mataki na huɗu ka sake saita madubai kafin dare ya yi.